Kun manta da masu jego

Labarinku kan ciwon zuciya ya ce naman zuciya na iya saki, zuciyar ta buɗe har ta kasa tura jini yadda ya kamata. Haka ne, amma kun tsaya kan masu hawan jini da masu gadon ciwon, kun tsallake masu jego, alhali mu Hausawa nan abin ya fi cin mu. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawansa ga matan da suka haihu, suka danganta shi da kunun kanwa, wankan jego da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, sai a ƙara wa gajiyayyiyar zuciya kaya.

Mu nan Makka har gobe ana aiko da kanwa daga gida, ga tafasasshen ruwa safe da yamma har arba'in, cikin wannan zafin! Wata maƙwabciyarmu mai jego ƙafafunta suka kumbura, in an danna da yatsa sai ya bar rami, ba ta iya barci sai an jera mata filo, ga haki da tari duk dare. Tsofaffi suka ce sanyi ne, a ƙara zafin ruwa. Mijin kuma na tsoron asibiti saboda igamarsa, wato takardar izinin zama a Saudiyya, ta ƙare. Sai da aka yi mata hoton zuciya na eko aka gane wannan ciwon ne.

Ciwon kan zo ne daga watan ƙarshe na ciki zuwa wata 5 bayan haihuwa. Da yawa suna samun sauƙi da magani, sai dai likita kan ce a dakata da ɗaukar wani cikin, kuma nan ne rigima da dangin miji take farawa.