Katar ta sauya masu sayar mata da kaya, Sudan kuwa masu saye take nema

Tun da gwamnatin Sudan ta yanke hulɗar jakadanci da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a watan Mayun 2025, sannan zirga-zirgar jirage tsakanin ƙasashen biyu ta tsaya a watan Agusta, ana yawan jin sunan Katar a bakin masu tattauna makomar kasuwancinmu, har da 'yan uwanmu Hausawa masu hada-hadar riɗi a Gadarif da masu kai raguna tashar jiragen ruwa ta Sawakin. Hujjarsu ita ce, idan ƙasar da yawan mutanenta bai kai miliyan 3 ba a lokacin ta jure ƙauracewar ƙasashe huɗu na tsawon shekara uku da rabi, babu abin da zai hana Sudan samun sababbin abokan ciniki. Ni dai ina ganin kwatancin ya tsallake tambaya mafi nauyi, wato wane ɓangare na cinikin ne aka toshe wa kowace ƙasa daga cikin biyun.

A ranar 5 ga Yunin 2017, ana cikin azumin Ramadan, Saudiyya da Daular Larabawa da Baharain da Masar suka yanke hulɗa da Katar bisa zargin tana mara wa ƙungiyoyin ta'addanci baya kuma ta cika kusantar Iran, zargin da Doha ta musanta. Aka hana jiragenta bi ta sararin samaniyar waɗannan ƙasashe, aka rufe iyakar ƙasa ɗaya tilo da take da ita, wadda ake ƙiyasin kusan kashi 40 cikin 100 na abincinta ta nan yake shigowa, sannan aka gindaya mata sharuɗɗa 13, ciki har da rufe tashar Aljazira da sansanin sojin Turkiyya. Ba ta amince da su ba har aka sasanta a taron Al-Ula na Saudiyya ranar 5 ga Janairun 2021, bayan doguwar shiga tsakani da Kuwait ta yi.

Cikin 'yan kwanaki jiragen dakon kaya daga Turkiyya da Iran suka fara sauke madara da kayan lambu a Doha. Kayan da a da sai sun biya ta tashar Jabal Ali ta Dubai aka karkatar da su ta Sohar da Salala a ƙasar Oman. Labarin da ya fi yawo shi ne na shanun madara da kamfanin Baladna ya riƙa shigo da su ta jirgin sama daga Turai da Amurka, har ƙasar ta kai ga wadata kanta da ɗanyar madara cikin kamar shekara biyu. Sai dai abin da ya ɗauki nauyin lamarin a zahiri shi ne tashar jiragen ruwa ta Hamad, wadda aka ƙaddamar a watan Satumbar 2017 amma an shafe shekaru ana gina ta tun kafin rikicin, da kuɗin da ya haura dala biliyan 7. Da babu ita, manyan jiragen ruwa ba su da inda za su sauke kaya kai tsaye, komai yawan kuɗin da ke hannun gwamnati. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma Katar ta riga ta fafe nata.

Duk waɗannan matakai a kan kayan da Katar ke saye suka tsaya. Abin da take sayarwa kuwa, wato iskar gas, babu wanda ya taɓa shi. Japan da Koriya ta Kudu da Indiya da Sin sun ci gaba da karɓar gas ɗinta, wanda a lokacin yake kai kimanin tan miliyan 77 a shekara, kuma hatta bututun Dolphin da ke kai gas Daular Larabawa bai daina aiki ba a duk tsawon rikicin. Ga asusun jarin ƙasa mai sama da dala biliyan 300, ga kuma sansanin Al-Udaid da ke ɗauke da dubban sojojin Amurka, wanda ya sa Washinton ba za ta bar rikicin ya wuce gona da iri ba. Ba wai ba a ji jiki ba ne: kamfanin jiragen saman ƙasar ya yi asara saboda zagayen da ya koma yi ta samaniyar Iran, an raba iyalai da dama, har dubban raƙuma da ke kiwo a Saudiyya aka koro gida. Amma mai kuɗi a hannu da aka hana shi saye a wani wuri, wasu masu kaya ne za su yi ta rububin sayar masa.

Halin da Sudan ke ciki akasin haka ne, domin mu masu saye muke nema, kuma kusan kowane babban kayanmu ƙofa ɗaya muka saba fitar da shi. Kafin tsayawar jiragen a 2025, mafi yawan zinarin da ake fitarwa a hukumance Dubai ta Daular Larabawa yake zuwa. Ragunanmu Jidda suke nufa, raƙuma kuma Masar. Masu safarar dabbobi ba su manta da watan Oktoban 2019 ba, lokacin da Saudiyya ta dakatar da karɓar dabbobin Sudan saboda ɓullar zazzaɓin Rift Valley. Wannan mataki na kiwon lafiya ne, babu siyasa a cikinsa, amma ya nuna yadda takarda ɗaya daga mai saye ɗaya take tsayar da kasuwa tun daga Sawakin har zuwa makiyayan Kurdufan. Sabon mai saye kuma ba a samun sa da ziyarar minista kawai. Mai sayen zinari yana son matatar da duniya ta yarda da hatiminta, mai sayen nama yana son takardar likitan dabbobi da zai amince da ita, kowannensu kuma yana son jirgin da zai riƙa zuwa a kan kari da bankin da zai bi ya biya kuɗi.

Mun taɓa bin wannan hanya ta neman sababbin abokan ciniki. Bayan takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba a 1997, gwamnatin Umar al-Bashir ta juya gabas, kamfanin CNPC na Sin da Petronas na Malesiya, daga baya da ONGC na Indiya, suka riƙe harkar mai, aka fara fitar da shi ta Bahar Maliya a 1999. An ɗauki wannan a matsayin nasara a kan takunkumi, kuma ta wani gefen haka ne. To amma dogaro ne aka ɗauke daga wani wuri aka kai wani, ga shi kuma a kan kaya ɗaya, don haka da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 da kusan kashi uku cikin huɗu na man, sai aka bar mu da bashi da ƙarancin kuɗin waje. A 2014 kuma, shekarar da Amurka ta ci bankin BNP Paribas na Faransa tarar kusan dala biliyan 9 saboda keta takunkumi, ciki har da na Sudan, bankunan waje da dama, har na ƙasashen Larabawa, suka ja da baya daga mu'amala da bankunanmu. Ƙaro ne ya sami sassauci na musamman a takunkumin, kuma ba don tausayi ba ne, sai don masana'antun lemo da na magani ba su da abin da zai maye gurbinsa cikin sauƙi.

Alƙawarin sababbin abokai ma mun ji shi a baya. Shugaba Erdogan na Turkiyya ya ziyarci Sawakin a watan Disambar 2017, a watan Maris na 2018 kuma aka sanar da yarjejeniyar dala biliyan 4 da ita kanta Katar don bunƙasa tashar garin. Gwamnatin Bashir ta faɗi a watan Afrilun 2019, babbar tashar da aka yi ta yayatawa kuwa ba a gan ta ba.

Idan misali ake nema, riɗin Gadarif ya fi shanun Katar dacewa da mu. Yana zuwa Sin, yana zuwa Turkiyya da Masar da Saudiyya, saboda haka idan ɗaya ta ja baya, farashi ne zai faɗi amma kasuwa ba za ta rufe ba. Irin wannan matsayi ya kamata a nema wa nama da zinari, kuma aikinsa a cikin gida yake: mayanka na zamani da za su ba da damar fitar da nama a sanyaye zuwa kasuwanni masu nisa maimakon lodin raguna da rai zuwa tasha ɗaya, ɗakunan gwaji da masu saye za su gaskata, matatar zinari mai aiki, da maido da alaƙar bankunan Sudan da na waje. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba zai kammalu yadda ya kamata ba muddin yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 bai tsaya ba, domin kamfanonin inshora suna ƙara wa jiragen da ke zuwa tashar da ake fargabar hari kuɗi, wannan ƙari kuma daga farashin da ake biyan manomi da makiyayi ake cire shi.