Bindigar fenti: sanyin Kanada daban, hunturun Maradi daban

Ƙanena ya kira ni daga Maradi makon jiya yana ta zumuɗi. Shi da abokansa biyu suna son buɗe filin wasan paintball, wato harbe-harbe da bindigar fenti, a wani kango da ke hanyar Madarunfa. Ya ce, "Yaya, na gani a YouTube wai sanyi na lalata bindigogin nan. To mu da za mu fara cikin hunturu fa?" Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, sanyin da suke faɗi ba namu ba ne.

Ni na san wancan sanyin. Na taɓa yin wasan a watan Janairu a wajen birnin Montariyal, a nan Kanada, ma'aunin zafi na digiri 10 ƙasa da sifili. Bindigar haya aka ba ni, mai tukunyar CO2. Gas ɗin nan ruwa ne a cikin tukunya, sai ya samu ɗumi yake zama iskar da ke tura harsashi. A digiri 20 ƙarfinsa ya kai wajen bar 57 (bar ma'aunin ƙarfin matsin iska ne), a sifili ya koma 35, a ranar kuwa bai kai 30 ba. Harbi biyu uku na farko suka tafi, sauran suka riƙa faɗuwa gabana, tukunyar ta yi fari fat da ƙanƙara. Shi kansa harsashin, ɓawonsa irin na kafson magani ne, sanyi na mayar da shi kamar ɓawon ƙwai. Sai ya fashe tun cikin bututu, kana tsaye kana goge fenti da yatsun da suka daskare. Shi ya sa 'yan wasa a nan suke barin harsashinsu cikin mota mai ɗumi har lokacin shiga fili, kuma yawancinsu sun koma tukunyar matsattsiyar iska ta bar 200 ko 300, wadda sanyi bai cika damunta ba.

To a Maradi fa? Ko a tsakiyar hunturu, lokacin da kowa ke jin wuta da asuba, sanyin wajen digiri 12 ko 13 ne, da rana kuma ya doshi 30. Wallahi irin wannan yanayi 'yan wasa a nan ke addu'ar samu. Abin da zai ci kuɗin ƙanena ƙura ce da zafi, kuma babu mai bidiyon da zai gaya masa, don ba su san bazararmu ba.

Ƙurar hunturu tana shiga ko cikin tukunyar miya a rufe, balle bindiga mai zobban roba da man shafawa a cikinta. Ƙura ta haɗu da mai ta zama kamar yashi, ta cinye robar, iska ta fara tsiyaya. Dole a warware kowace bindiga a goge bayan wasa, a ajiye ta cikin akwati.

Zafi ne ya fi ba ni tsoro. A Afrilu da Mayu Maradi tana wuce digiri 40, kuma CO2 da ya haura digiri 31 ba ya zama ruwa, ƙarfinsa sai hauhawa. Tukunyar da aka manta a bayan mota ko ƙarƙashin rufin kwano tana iya fasa bawul ɗinta na kariya, bindigar da aka daidaita da safe kuma ta yi harbin da ya wuce ƙa'ida da azahar. Iyakar gudun harsashi da aka sani ita ce kusan mita 90 a daƙiƙa. Harsashin ma zafi na narka shi ya manne kamar alewa, da damina kuma ya sha laima ya kumbura. Wurinsa ɗaki mai inuwa, irin kusurwar da ake ajiye randa, ba firji ba.

Saboda haka na ce masa kada ya ɓata ko dala a kan harsashin da ake yi musamman don sanyi. Ya sayi tukwanen iska da injin cika su, da na'urar auna gudun harsashi, da abin rufe fuska mai gilashi biyu wanda ba ya yin hazo. Wannan na ƙarshen ba na wasa da shi. Yaro ya ji gumi ya ɗaga abin fuskarsa don ya share, ido ya tafi ke nan.

Akwai kuma abin da babu shi a lissafin mutanen nan. Asalin bindigar don sa wa shanu da itatuwa alama aka ƙera ta, ba a mayar da ita wasa ba sai 1981 a jihar New Hampshire ta Amurka, amma wasu samfuran yau daga nesa ba ka bambance su da ta gaske. Yankinmu na kan iyaka da Katsina, mutane sun sha wuya a hannun 'yan bindiga. Na roƙe shi ya fara zuwa wurin hukuma da mai unguwa ya samu izini a rubuce, ya katange filin, kuma kada wani ya ɗauko bindiga a fili bisa kabu-kabu.

Ya yi shiru, sannan ya ce zai je wurin mai unguwa ran Litinin. Ni kuma na ɗauki alkawarin aika masa na'urar auna gudun daga nan.