Ranar da Na Sa Wa Agwagwata Takalman Sojoji

Ina da wata mota mai tayoyi takwas, irin wadda take tafiya a tudu, in ta iske ruwa ta faɗa ta ci gaba da harkarta. Ta hannu na saye ta. Kamfanin da ya fi suna a ƙera irinta yana Ontario ta ƙasar Kanada, tun 1967 yake fitar da samfurinsa mai suna Argo. Tawa dai ban damu da asalinta ba, Agwagwa kawai nake kiranta, matata kuma ta ce mata bahon wanka mai ƙafafu.

Tayoyin da ta zo da su sun suɗe, zanensu ya shafe kamar tafin hannu. Ƙanena, wanda ya fi ni haƙurin karanta littafin da ke zuwa da kaya, ya ce, "Yaya, ka nemo irin waɗanda aka cire sak. Tayar wannan motar ba kamar ta sauran ba ce." Na ce masa taya ai taya ce, baƙa ce, zagayayya ce, tun kafin a haife shi nake tuƙi.

A jikin tsofaffin an rubuta 25x12-9, wato tsayi inci 25, faɗi inci 12, rim inci 9. Na kwafe lambar, na hau intanet. Nan ido ya ci ni. Na ga wasu tayoyin taɓo masu haƙora gatso-gatso kamar na kada, gefensu mai kauri har ninki shida, lamba ɗaya da tawa. Su kuwa waɗanda ƙanena ya nuna mini, zanensu wani layi-layi ne mai kama da harafin V, gefensu laushi kamar kunnen akuya. Na ce Allah ya kiyaye in sa wa motata silifas ga takalman sojoji. Na yi odar takwas. Ashe kallon kitse nake wa rogo.

Da suka iso na kai wa mai faci, na tsaya a kansa ina ba da umarni: duka takwas ɗin a ɗora su a rim fuska ɗaya, ban son wata ta bambanta da 'yar'uwarta. Ya ɗago ya dube ni. "Ranka ya daɗe, akwai kibiya a jikinsu fa." Na ce ado ne. Ya ce to, ya ci gaba da aikinsa, irin "to" ɗin nan da in da ina da wayo da na tsaya na yi tambaya.

Sai batun iska. Irin wannan motar ba ta da sifirin, ba ta da shokozoba, an ɗaure ƙarafan da ke riƙe tayoyinta a jikinta kai tsaye. Tayar ce ke shanye gargada, shi ya sa ake ba ta iska 'yar kaɗan, 3 zuwa 5 ko kusa da haka a ma'aunin iskar taya da ake kira psi, alhali ta motar gida tana shan 30 da wani abu. Duk wannan daga baya na sani. A ranar, na sa gejin motata a bakin tayar, allura ko motsi ba ta yi ba, domin ba a yi shi don auna iska ƙanƙanuwa haka ba. Na ce tayar nan yunwa take ji. Na dinga bugawa har sai da na ƙwanƙwasa na ji tana amsawa kamar ganga. Allah dai ya tsare ba wadda ta fashe mini a fuska.

Muka kama hanyar tafki, ni da ƙanena. Duk tsakuwar da muka taka sai na ji ta a ƙeyata. Haƙorana suna kaf-kaf, na so in ce masa "ka ga ƙarfi ko?" sai na ciji harshe. Shi kuwa ya riƙe ƙarfen gefe da hannu biyu yana salati a hankali.

Kwana kuma ta zama kokawa. Ƙafafunta ba sa karkata kamar na mota, sai dai a danne birkin gefe ɗaya, ɗaya gefen ya ci gaba da juyawa, motar ta murza a ƙasa ta juya. Wato sai tayoyin sun ɗan zame a kaikaice. Takalman sojojina kuwa sun rantse ba za su zame ba. Suka kafe haƙora a ƙasa, injin yana gurnani, sarƙoƙin da ke ƙarƙashin ƙafafunmu suna ƙas-ƙas, muka bar wani rami a baya kamar an yi huɗa.

A bakin ruwa ƙanena ya sauka. Ya ce shi zai tsaya ya ɗauki bidiyo saboda tarihi. Ya duba matosan da ke baya ya tabbatar a toshe suke, ya miƙo mini rigar hana nutsewa, sannan ya ce, "Yaya, ina filafilin?" Na ce na bar shi a gida, mai sabbin tayoyi takwas ba ya tuƙin kwalekwale.

Na shiga ruwan a hankali, ta ɗago ta yi lilo a sama gwanin sha'awa. Na ɗaga masa hannu. Na ba ta wuta.

Motar nan ba ta da farfela. Zanen tayar shi ne filafilinta, shi ke kamfatar ruwa ya tura baya, kuma ko da tayoyin kirki gudunta a ruwa bai wuce na mai tafiya a ƙafa ba, kamar kilomita 5 a awa. Haƙoran kada an yi su ne don su yaga taɓo su watsar, ba su san kamfata ba. Ga kuma maganar kibiyar nan: da yake duka fuska ɗaya na sa aka ɗora su, huɗun dama suna kallon gabas, huɗun hagu suna kallon yamma. Gefe ɗaya yana ɗan turawa, ɗayan kumfa kawai yake kaɗawa. Sai Agwagwa ta fara zagaye.

Na ga ƙanena, na ga bishiyoyi, na ga tsakiyar tafki, na sake ganin ƙanena. Na ƙara wuta, zagayen ya ƙara sauri, ruwa yana fallatsowa yana sauka a cinyata. A zagaye na biyar na lura ƙanena ya ƙanƙance. Iska ce take tura ni ciki a sannu, ina juyawa kamar ganye.

"Yaya, rage wuta!" Na ce na sani, gwaji nake yi. "Gwajin me?" Ban amsa ba, lokacin na ba shi baya.

Na kashe injin don in yi tunani. Tsit. Wata agwagwa ta gaske ta zo ta wuce ta gabana da 'ya'yanta a jere, miƙe sambal, ko kallona ba ta yi ba. Na cire takalmina na dama na fara tuƙi da shi. Bugu uku a dama, in rarrafa in yi uku a hagu. Mota mai nauyin ɗaruruwan kilo, da takalmi ƙafa ɗaya. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba, amma wayar ƙanena ta cika kafin in iso, kuma takalmin ya suɓuce ya nutse saura kaɗan in kai gaɓa. Ƙarashen da na hagu na yi.

Bai ce mini komai ba a hanyar dawowa. Da ya yi magana ma da ya fi mini sauƙi. Kafaɗunsa kawai nake gani suna rawa, kuma na san ba gargada ce kaɗai ba.

Mako biyu bayan haka silifas ɗin suka iso. Wannan karon ni ne a zaune, ƙanena ne a tsaye. Huɗu na dama, huɗu na hagu, kowacce da fuskarta. Ya sayo ƙaramin geji mai auna iska kaɗan, ya kuma aro tef ɗin ɗinkin matata yana zagaya cikin kowace taya yana rubutawa. Wai da yake sarƙa ce ta haɗa ƙafafun kowane gefe, dole su juya tare. In wata ta fi wata girma, ko da lambar jikinsu ɗaya ce, sai su riƙa jayayya, sarƙar ce ke shan wahala. Na gyaɗa kai kamar dama na sani.

Takalman sojoji suna nan a jibge bayan ɗaki, takwas reras, sau ɗaya suka taɓa ruwa. Jiya matata ta leƙa ta ce, "Maigida, waɗannan na sayarwa ne ko na tarihi?" Kafin in buɗe baki na ji muryata tana fitowa daga wayarta: "Na sani, gwaji nake yi!"