Hoton MRI kaɗai bai isa a yi wa mai ciwon baya tiyata ba

Da wuya mako ya wuce ba ka ci karo a Facebook da takardar hoton MRI ta wani bawan Allah daga Sakkwato ba, an lika lambar asusu a ƙasa, ana neman miliyoyi a kai shi Indiya ko Masar domin "ƙashin bayansa ya goce". Ana tara kuɗi, wani ma har gona ko filin gado yake sayarwa, amma ba ka jin an tambaya ko likita ya kwantar da shi ya ɗaga ƙafarsa a miƙe, ya sa shi ya taka da dunduniya sannan da yatsu, ya gwada ƙarfin babban yatsan ƙafarsa. Wannan gwaji ba ya cin minti goma, kuma shi ke nuna ko jijiya ta fara rauni.

Ƙasan baya yana da ƙasusuwa biyar, tsakanin kowane biyu akwai faifan guringuntsi, kuma galibin bullowar faifai tana faruwa ne a matakai biyu na can ƙasa, L4-L5 da L5-S1. Abin da ba a faɗa wa majinyaci shi ne wannan kumburin faifai ya zama ruwan dare a jikin masu lafiya: kusan uku cikin goma na 'yan shekara 20 da ba sa jin ciwon komai suna da shi, a shekara 80 kuwa ya haura takwas cikin goma. Kashi 90 cikin ɗari na ciwon baya ba a iya jingina shi ga wata illa takamaimai. Ko ciwon da ke sauka har cikin ƙafa, yawancinsa yana lafawa cikin mako 6 zuwa 12, domin jiki da kansa yana tsotse abin da ya bullo.

Akwai wanda tiyata ta zama masa dole, kuma cikin gaggawa: fitsari ya ƙi fita ko yana zuba ba da saninsa ba, tsakanin cinyoyi da dubura ya yi sanyi ba ya ji, ko ƙafa tana ƙara mutuwa har yana jan ta. Wannan ba ya jiran biza. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yana da likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa da laka. Haka mai zazzaɓi da rama da gumin dare, a nemi tarin fuka na ƙashin baya, wanda magungunansa ne kan gaba.

Sauran jama'a, wato ɗan kabu-kabu da ya yini kan babur, da manomin albasa a fadamun Wurno, da uwar da ke daka da goyo, aikinsu na hannun likitan farfaɗo da gaɓoɓi ne da ma'aikatan gashin ƙashi. Kwanciya kada ta wuce kwana biyu. Tafiya a ƙasa minti 10 zuwa 15, sau biyu ko uku a yini, a riƙa ƙarawa. Atisayen ƙarfafa ciki da ƙugu, kamar kwanciya rigingine a lanƙwashe gwiwa a ɗaga ƙugu sau goma, a ɗore har watanni. Maganin rage kumburi na ɗan lokaci. Idan raɗaɗin ƙafa ya hana barci, akwai allurar da ake yi kusa da jijiyar ana kallo da na'ura. Sauƙinta na makonni ne, don a samu damar motsa jiki. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 kan tsohon ciwon baya sun goyi bayan atisaye da maganin rage kumburi, sun kuma hana dogaro da ɗamarar baya da injin jan ƙashi da magunguna irin su tramadol.

Masu cewa atisaye wahalar banza ce, ka bincika, yawanci sau uku suka je aka haska musu fitila mai zafi suka dawo gida. Laifin wasu ma'aikatan ne, fitila ba ta ƙarfafa tsoka. Daga nan sai kemis: allurar diclofenac haɗe da dexamethasone duk mako. A zafin Sakkwato, da ƙarancin shan ruwa, ta farko tana cin ƙoda da ciki, ta biyu tana rarake ƙashi ta tayar da suga. Ƙaho da sakiya kuwa fata kawai suke taɓawa.

Likitocin farfaɗo da gaɓoɓi 'yan ƙalilan ne a Najeriya, masu gashin ƙashi kuma sun taru a birni. Ya kamata gwamnatin jiha ta zuba su a manyan asibitocin Gwadabawa da Tambuwal da Isa, ta kuma sa zuwa wurinsu cikin abin da shirin inshorar lafiya na jiha ke biya. Kafin nan, duk wanda aka turo wa takardar neman taimako ya fara tambayar wata nawa majinyacin ya yi yana atisaye a hannun ƙwararre.