Alhaji a Ƙarƙashin Ruwan Wikki

Gwanjo na sayi gidan kyamarar, a hannun wani da ya ce Bature ne ya bar masa. Akwati ne na roba mai kauri, garai-garai, ana saka kyamara a ciki a kulle a shiga ruwa da ita. Babu waya a jikinsa, babu batir. Duk madannin da ka gani a waje ɗan sandan ƙarfe ne mai sifirin, ya ratsa bangon akwatin ta cikin ƙaramin zoben roba, bakinsa na ciki yana jiran ya taɓa madannin kyamarar na gaskiya. In kyamarar ta goce ko da milimita ɗaya ce, kana danna nan tana jin can, ko kuma ta yi kamar ba da ita ake ba. Mai sayarwar bai ɓata lokacinsa kan wannan bayanin ba. Cewa ya yi, "Wallahi ko teku ka shiga da shi."

Teku ta yi wa Bauchi nisa, don haka a durom ɗin gidanmu na gwada shi. Na cusa tishu a ciki, na rufe, na danne da dutse ya kwana. Da safe tishu a bushe ƙamas. A ranar na sa a Facebook cewa shagonmu ya fara ɗaukar hoto a ƙarƙashin ruwa.

Ni dai mai hoton biki ne da suna da walima, ban yi zaton wani zai ɗauki maganar da gaske ba. Sai ga kawuna ya shigo da amininsa, wani Alhaji dilan taki. Maƙwabcinsa a kasuwa ya je Dubai ya dawo da hoto yana cikin ruwa ya ɗaga babban yatsa, kuma tun ranar ba a bar Alhaji ya sha shayi lafiya ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ka iya iyo?"

Ya ce, "Yaro, hoto za ka ɗauka ko tambaya?"

Muka kama hanyar Gombe, muka karya a Dindima, muka shiga Yankari ta ƙofar Mainamaji. Duk wanda ya san Wikki, maɓuɓɓugar ruwan ɗumin da ke cikin Yankari, ya san ba a buƙatar Dubai. Ruwan daga gindin dutse yake ɓulɓulowa, ɗuminsa digiri 31 rani da damina, dare da rana, yana gangarawa zuwa kogin Gaji. Kana tsaye a ciki kana ganin farcen ƙafarka a kan yashi. Alhaji ya sauko matakala da singileti da dogon wando da hula zanna, ya ce hular ba ta fita, don kada a ce ba shi ba ne.

Na saka kyamara, yaron shagona ya riƙe tawul, na kulle murfi. Allon baya ya ɗauke ɗif. Na buɗe, ya kawo. Na rufe, ya ɗauke. Kawu ya ce batir ne. Yaron ya ce memori ne. Alhaji daga cikin ruwa ya ce ko ya fara nutsewa kafin mu gama? Ashe kusa da 'yar tagar leƙe akwai wata ƙaramar sensa da ke kashe allo ta mayar da hoto cikin tagar da zarar ta ji fuska ta matso. Murfin gidan ya zauna daidai a gabanta, ita kuma ta ɗauka idona ne. Maganinsa a menu yake, a hana ta sauyawa da kanta, a ce ta tsaya a allo. Kafin in gano haka an kira azahar.

Bayan salla muka koma. Na ce Alhaji ya ja numfashi, in na ɗaga hannu ya tsuguna. Ya tsuguna, hula ta tashi sama ta kama hanyar Gaji, yaron ya bi ta da gudu ta gefen ruwa. Ni kuma a ƙasa ina danna madannin duba hoto, shiru. Madannin menu, shiru. Na murza dabaran haske, babu abin da ya motsa. Idon kyamarar ne kawai ke ta shiga da fita, zuu, zuu, yana neman abin da zai gani. Alhaji ya taso yana tari, ya ce, "Ya fita?"

Na ce, "Saura kaɗan, ranka ya daɗe."

A nan ne kowa ya zama injiniya. Yaron ya ce ya gani a YouTube, nauyin ruwa ne ke danne madannai. Gaskiyarsa ta wani ɓangare: duk mita 10 da ka nutse, matsin yana ƙaruwa da kwatankwacin na iskar da ke kanmu, kuma a can ƙasa sifirin mai rauni yakan kasa dawo da madanni. Amma mu a inda muke, Alhaji yana miƙewa ruwa a ƙirjinsa yake. Wani bakanike da ya zo wanka da iyalinsa ya karɓi akwatin ya jujjuya, ya ce tsatsa ce, yana da bakin mai a but ɗin motarsa, ɗigo ɗaya ya isa. Na rungume kayana. Fetur da danginsa kumbura zoben roba suke yi, yau madanni ya saki, gobe ruwa ya shiga. Giris ɗin da aka yi domin zoben kawai ake shafawa, shi ma ɗan kaɗan, a kan yatsa. Na aiki yaron ya ɗauko shi a jakar da muka ajiye a kan matakala.

Ya dawo hannu rabbana. Jakar tana kan bishiya a hannun wani ƙaton biri, ya cinye burodin da ke ciki, yana matsa giris ɗin yana sansanawa. Ma'aikatan wurin sun gaya mana tun a sama kada a ajiye abinci a fili, yaron ya ce shi a ganinsa burodi a cikin jaka ba a fili yake ba. Kawu ya ce a kawo akwatin ya yi masa tofi, don shi tun daga Dindima yake jin jikinsa bai ba shi tafiyar ba.

Buɗe irin wannan akwatin a bakin ruwa ba kamar buɗe kwano ba ne. Sai ka goge shi tas, ka goge hannunka da gashin kanka, ka kifa murfin ƙasa don kada ɗigo ya faɗa ciki. Kafin ka rufe kuma sai ka bi babban zoben da ido kewaye, domin ƙwayar yashi ɗaya ko silin gashi ɗaya ya isa ya buɗe wa ruwa hanya. Ina cikin wannan binciken, ana tsaye a kaina ana ba ni shawara, yaron ya nuna gefen kyamarar ya ce, "Oga, wannan ɗan kunnen haka yake?"

Ɗan zoben ƙarfen nan ne mai kusurwa uku da ake ɗaura igiyar rataya. Ya lanƙwashe ya shiga tsakanin kyamara da bango, ya ɗan karkata ta, sai sandan ɗauka ya zauna a kan madanninsa rabin dannawa. Shi kuwa madannin ɗauka hawa biyu ne, rabi tana saita gani, cikakke tana ɗauka. Muddin yana rabin danne, ita a wajenta kana gab da ɗaukar hoto ne, sai ta toshe kunne daga sauran madannan gaba ɗaya. Na cire zoben na jefa a aljihu, komai ya dawo. Kawu ya ce ai dama ya riga ya tofa daga nesa. Yaron kuwa har yau da wannan maganar yake neman ƙarin kuɗin mota.

Muka sake shiga, gilashin gaba ya yi hazo fari fat, saboda akwatin ya sha rana lokacin gardama, laimar ciki ta haɗu da ruwan da ya fi shi sanyi. Muka fito, muka zauna a inuwa aka lulluɓe akwatin da jiƙaƙƙen tawul. Alhaji ya zauna gefe yana gyatsa, idanunsa jajur, ya ce tun da aka haife shi bai taɓa shan ruwan ɗumi mai yawan na yau ba.

Gab da la'asar komai ya daidaita, sai abu guda. Zoben haƙoran da ke juya zum ya zame daga dabaransa lokacin da nake mayar da kyamara, ya tsaya a can ƙarshe. Na murza, yana juyawa a banza. Na dubi Alhaji, na dubi rana, na ce ba mai sake buɗe akwatin nan. Na ja da baya iyakar ja, ya danne hula da hannu ɗaya, ya ɗaga yatsa da ɗayan, ya tsuguna. Na yi ta dannawa.

A mota muka duba. Gilashin gidan shafaffe ne, kuma ta bayan irinsa ruwa yana ƙara wa abu girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, ga zum a maƙure. Hoton farko tumbi ne da singileti. Na biyu hanci ne da kumfa. A can cikinsu akwai guda da ya kama kumatu a cike da iska, ido ɗaya a buɗe, rabin hula, da babban yatsan da ya kusa kai girman fuskar. Alhaji ya daɗe yana kallonsa.

Ya ce, "Wannan ya yi. Amma ka rage min kumatun a kwamfuta, ka buɗe ɗaya idon, ka zuba kifaye a baya, manya, masu launi. Ka sa ruwan ya ƙara shuɗi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, in dai kwamfuta ce za ta yi duk wannan, ai da a shago ma sai a yi, ba sai ka jiƙe ba."

Motar ta yi tsit. Ya juyo daga kujerar gaba a hankali, ya dubi Kawu ya ce, "Malam, yaron nan naka ya san da haka tun a Bauchi?"

Kawu ya ce shi barci yake ji. Rabin kuɗina aka ba ni, aka ce sauran sai an ga kifin.