Juriyar gaiwa a tankin gilashi tana da iyaka

Yana damuna yadda ake yawan cewa gaiwa ba ta buƙatar kulawa a tankin gilashi na gida, tunda tana iya shafe watanni cikin busasshen taɓo. Juriyar gaskiya ce, amma tana da sharaɗi: sai taɓon ya bushe sannu a hankali, ta haƙa rami, ta lulluɓe jikinta da yauƙi mai tsare danshi. Gilashi ba ya ba ta wannan dama. Kuma da huhu take shaƙar iska, saboda haka wanda ya cika tankin maƙil ya rufe shi ruf, zai iya tarar da ita ta mutu cikin ruwan.