Kada mu ɗora majalisar wasa a wuyan mutum ɗaya

'Yan uwa Hausawan Jidda da Makka, masu haɗuwa daren Juma'a a buga balot (wasan karta na Saudiyya) da kiram (wasan harbin 'ya'ya da yatsa a kan allo) da dara, ina da magana kan yadda muke tafiyar da majalisunmu. Kusan duk wadda na ga ta watse, hanya ɗaya ta bi: an bar wa mutum ɗaya komai. Shi ke riƙe da makullin istiraha, wato wurin hutun da ake haya don majalisar, shi ke bin mutane kuɗin karo-karo, shi ke sayo ganyen shayi da sukari, in gardama ta tashi kuma shi ake kallo ya yanke. Ran da ya gaji, ko aiki ya mayar da shi Riyad, sai kowa ya kama gabansa.

Abin da ya fi damuna shi ne alƙalanci. Wanda ya san balot ya san wasa ne mai saurin tayar da jijiyar wuya. Karta 32, mutum huɗu, biyu-biyu, ana tseren kaiwa maki 152. Zagaye iri biyu ne, san da hukum: zagayen san maki 26 ne, na hukum 16, in aka yi wa mutane kabut a san, wato ba su ci ko hannu ɗaya ba, an kwashe 44 lokaci guda. Wani ya ƙi bin launi alhali yana da shi, aka kama shi da ƙaidi, wato hukuncin karya doka, zagayen ya tafi. To ka ɗauka wanda aka kama abokin wasan Alhaji ne, kuma Alhaji ne ya biya rabin kuɗin hayar wurin. Wane yaro ne zai buɗe baki? Zai yi shiru, mako mai zuwa ya ce yana da uzuri, daga nan ba a ƙara ganinsa. Alhajin ma bai san ya kori kowa ba, kuma bai yi niyya ba. Ko gasar balot da aka fara a Riyad a 2018 da alƙalai aka yi ta, ba a bar masu wasa su yanke wa kansu hukunci ba. Mu ma mai raba gardama ya zama wanda ba ya kan teburin, kuma ba shi ne ma'aji ba.

Dokokin kuma a rubuta su tun kafin a raba karta. Kowace unguwa da ɗan bambancinta, na Karantina ya zo da abin da ya saba, na Shara Mansur ya zo da nasa, kowa yana rantsuwa tasa ce daidai. Takarda ɗaya a manna a bango ta isa.

Kuɗi ba ya buƙatar dogon bayani. Ma'aji ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a ƙarshen kowane wata, ko riyal goma ne, a gaban kowa.

Sai batun wa ke da bakin magana. Ni ra'ayina, wanda ke zuwa, yana biyan karo-karo, yana taya naɗe darduma, shi ke da ƙuri'a. Ba na jin daɗin yadda ake yanke manyan shawarwari a zauren WhatsApp da ƙarfe biyun dare, inda wanda rabonsa da majalisa tun sallar layya ya fi kowa rubutu. Sauya rana, ƙarin kuɗi, karɓar sabon mutum, a yi su ido da ido bayan isha'i, a fara jin ƙanana kafin manya, domin in Baba ya riga ya faɗi nasa, kunya ba za ta bar sauran su saɓa masa ba. Abu biyu ne kawai ba na yarda a kai su ƙuri'a: ba a ɗora ko sisi a kan wasa, kuma in an kira salla a kife karta.

Na san za a ce sa wa mai makulli da ma'aji da alƙali wa'adi rashin kunya ne ga dattawan da suka kafa wurin. Wallahi ni gata nake gani a ciki. Da yawansu sun gaji, nauyin baki ne ya hana su cewa a karɓa. In an san duk shekara, kafin azumi, ana sake zaɓen mai makulli da ma'aji da alƙali, mutum zai sauka da mutuncinsa ba tare da an ce an tsige shi ba, ya koma kujerar mai ba da shawara.

Akwai kuma aikin da su kaɗai za su iya. Yaranmu da aka haifa a nan sun ƙware a balot da kiram, amma ka aje musu dara, gurbi 30, kowa da 'ya'ya 12, ba su san ta inda ake jera uku a ci ba. Wanda dare ke ƙare masa wajen lissafin kuɗin haya ba shi da lokacin zama da su. A majalisarmu zan kawo shawarar a ware tebur ɗaya na dara tsakanin magariba da isha'i, a damƙa shi ga dattawa, makulli da littafin kuɗi kuma su koma hannun matasa biyu daga watan Sha'aban.